Lamba mai suna, sabon launi ko taɓa inji: da wanne za ka fara idan ka sayi motar tsere a Abuja?

Wanda ya sayi Mustang, Camaro, Challenger, BMW 335i ko Toyota GT86 a garin nan ba ya cika wata guda sai abokai sun cika masa kunne da shawara. Wannan ya ce a sauke ta ƙasa, wancan ya ce a sa mata salansa mai rugugi, wani kuma ya rantse cewa mota irin wannan ba ta cika ba sai da lamba mai suna, wato lambar mota mai rubutun da mai ita ya zaɓa. Aljihu kuwa bai gama farfaɗowa daga kuɗin kwastam ba, dole a zaɓa. Tun daga farko zan faɗi inda na karkata: motocin nan an ƙera su ne don titi da fetur da yanayin wasu ƙasashe, saboda haka gyaran da ya fi dacewa da Abuja shi ne wanda bai rage wa motar juriya ba, wanda kuma za a iya warware shi ranar da aka gaji da shi.

Abin da za a auna da shi

Na farko kuɗi, kuma iri biyu ne: wanda za ka biya ranar aikin, da wanda aikin zai riƙa ci maka daga baya. Kusan duk kayan nan daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 farashinsu a naira ba ya zama wuri ɗaya. Shi ya sa zan kawo kimanin kuɗinsu da dala a inda ake sayar da su, kai ka ɗora kuɗin jigila da na kwastam da na aiki. Lamba ce kaɗai ke da tsayayyen farashi na hukuma.

Na biyu ƙarko. Ranar Maris da Afrilu a Abuja tana dosar digiri 40, ƙurar hunturu tana cin fenti idan ana gogewa da busasshen tsumma, damina kuma tana buɗe ramuka. Na uku sauƙi: akwai mai iya aikin a Apo ko Gudu, kuma za a iya mayar da motar yadda take? Na huɗu haɗari, wanda ya haɗa lafiyar inji, shingen bincike, tsaron kanka, da abin da dillali zai ce ranar da za ka sayar.

Launi: fenti, leda ko ledar kariya

Fenti ya fi daɗewa idan an yi shi a ɗakin feshi na gaskiya mai rufi da tace iska, ba a ƙarƙashin bishiya ba. Illarsa ita ce ba a komawa. Mai saye a Najeriya da ya ga an sake fenti, abin da zai fara zuwa masa shi ne motar ta yi haɗari, ko da ba ta yi ba, kuma nan take zai rage tayi. Canza launi gaba ɗaya yana buƙatar a shiga cikin ƙofofi da ƙarƙashin bonet da but, in ba haka ba duk lokacin da aka buɗe ƙofa tsohon launin zai tona asiri.

Lulluɓin leda shi ne ya fi karɓuwa yanzu, kuma da dalili. Mota mai ƙofa biyu tana cin mita 15 zuwa 18 na ledar, a yi aikin cikin 'yan kwanaki, in an gaji a ɓare. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison da Hexis suna ambatar shekara biyar zuwa bakwai, amma wannan lissafin jikin ƙofa ne a ƙasashe masu sanyi. A nan rufin mota da bonet, waɗanda rana ke duka kai tsaye, su ne ke fara ƙonewa, musamman idan a waje motar take kwana tana yini. Leda mai araha marar suna tana tsukewa, sai ka ga tsohon launi yana leƙowa a gefen fitila, gam ɗinta kuma ya manne wa fenti. Araha dai ba ta ado. Kafin ka ba mai aiki motarka, ka nemi ya nuna maka wadda ya yi bara, ba ta jiya ba. Ka durƙusa ka duba kewayen mariƙin ƙofa da lungun bamba da gefen madubi, nan ne hannu ke bayyana. Ka kuma duba ko ya bar sawun reza a jikin fenti.

Akwai tarko ɗaya da ya shafe mu musamman. Da yawa daga motocin tsere da ke shigowa daga gwanjon Amurka suke, an buga an gyara an fesa. Leda a kan irin wannan fenti tana iya tahowa da shi ranar ɓarewa. Ƙaramar na'urar auna kaurin fenti za ta faɗa maka gaskiya: na kamfani yawanci yana tsakanin maikuron 100 zuwa 180, inda ya zarce haka da nisa an taɓa wurin.

Ledar kariya, mai haske kamar gilashi, irin ta Xpel ko SunTek, ba ta canza launi. Aikinta tare tsakuwa da ƙarce. Ta fi tsada nesa, shi ya sa da yawa suke sa ta a gaba kawai: bamba, bonet da madubai.

Abu biyu na doka. Launin mota yana rubuce a takardunta, idan ka mayar da fara ta zama ja, da fenti ko da leda, ka je a gyara takarda kafin wani jami'i ya riga ka lura. Sannan akwai dokar da ta hana farar hula sa wa mota koren soja. Koren nan marar sheƙi da ake yayi a hotunan intanet, ka bar shi a hoto.

Rim da taya

Babu gyaran da ke canza kamannin mota da sauri kamar rim, babu kuma wanda ramin Abuja ya fi jin daɗin ci. Lissafin ba wuya. Taya mai lamba 225/45 R17, wato ta rim mai inci 17, tana da gefe mai tsayin kusan milimita 101. Idan ka hau zuwa 225/35 R19, ta rim mai inci 19, gefen ya koma 79. Wannan robar da ka rage ita ce ke shanye dukan rami kafin ya kai ga ƙarfe. A titin zuwa filin jirgi ba za ka ji komai ba. Ka sauka daga kwalta a Lokogoma ko bayan Lugbe da damina, sai ka ji mai faci yana cewa, "Alhaji, ba tayar ba ce, rim ɗin ne ya tsage."

Rim iri uku ne. Na zubi shi ne mafi araha da nauyi, yana tsagewa. Akwai na tsakiya wanda ake murza bakinsa da zafi, irin wasu na Enkei da OZ, ya fi sauƙin nauyi da ƙwari, saitinsa kan kama dala 1,000 zuwa 2,000. Na ƙira, irin na HRE da Volk da manyan BBS, ya fi jure duka, yakan lanƙwashe maimakon ya fashe, amma saiti yana haura dala 3,000 cikin sauƙi. Kasuwa cike take da na jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye, kuma farashin kaɗai ya isa ya gaya maka. Ka kuma san ramukan noti na motarka, wato yawansu da faɗin da'irarsu a milimita: Mustang 5x114.3, Challenger 5x115, Camaro da tsofaffin BMW 5x120, Mercedes 5x112, GT86 5x100. Na Mustang da na Challenger sun yi kusa har wasu ke tilasta su, wannan ganganci ne.

A ganina inci ɗaya sama da na kamfani ya isa. Sauran kuɗin a zuba a taya sabuwa mai kyau. Lambobi huɗu na ƙarshe na jerin da ya fara da DOT a gefenta suna nuna mako da shekarar ƙira, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tana ɗaukar taya ta gama aiki bayan shekara huɗu.

Sauke mota ƙasa

GT86 daga kamfani tazararta da ƙasa kusan santimita 13 ce. Sifirin na Eibach ko H&R, mai kimanin dala 300 zuwa 400, yana rage biyu da rabi zuwa uku da rabi. Abin da ya saura bai kai tsayin wasu tudun rage gudu na rukunin gidajen Gwarinpa ba. Duk wanda ke zaune a irin waɗannan unguwanni ya taɓa ganin abin: mota ta tsaya a bakin get, direba ya karkata sitiyari yana hawa a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, mai gadi ya durƙusa yana tura katako, na baya suna ta ham. Abin da ke gogar ƙasa ba leɓen bamba kaɗai ba ne, har da salansa da kaskon baƙin mai. Shokozoba na asali ma yana saurin mutuwa, taya kuma ta riƙa cinyewa ta ciki idan ba a sake saita ƙafafun ba. Saitin da ake iya ɗagawa da saukewa, irin na BC Racing ko KW, yana farawa daga wajen dala 1,200 zuwa sama da 2,500. Mai aiki da iska yana ɗaga mota da maɓalli, amma ya fi tsada kuma yoyo ɗaya ya isa ya zaunar da ita. Wannan gyaran shi ne na ƙarshe a jerina.

Salansa

Idan sauti kake so, akwai hanyar da ba ta cutar da inji: a canza tukunyar baya kawai, ko a canza bututun daga bayan indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin bututun, zuwa ƙarshe. Na Borla ko Magnaflow na bakin ƙarfe marar tsatsa yana kai dala 1,000 zuwa 2,000, da noti ake ɗaura shi, kuma zai iya kai ƙarshen rayuwar motar. Ƙarfin da yake ƙarawa kaɗan ne, kada a ruɗe ka. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa shi ne gurnanin da ke cika cikin mota idan ana tafiya a gudu ɗaya na dogon lokaci. Daga nan zuwa Keffi kai ya fara sarawa. Mai bawul, wanda ake rufewa da buɗewa da maɓalli, ya fi tsada amma shi ne ke barin ka fita sallar asuba ba ka tashi jaririn maƙwabta ba.

Indomi kuwa kada ka yarda a cire. Fitilar gargaɗin inji za ta kama, hayaƙi ya yi wari, darajar motar ta faɗi. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, falatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar a fitar da shi kuma ba sa mayar wa mai mota.

Taɓa ƙwaƙwalwar inji

A takarda, sake saita kwamfutar da ke sarrafa inji shi ne gyara mafi riba. Injin mai tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, kamar N54 da N55 da B58 na BMW ko EcoBoost 2.3 na Mustang, yana iya samun ƙarin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na ƙarfi da manhaja kawai, irin MHD ko Bootmod3 ko Cobb, a kan 'yan ɗaruruwan dala, ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Injin V8 marar tabo abin da zai samu bai taka kara ya karya ba.

Matsalar fetur ce. Ana rubuta waɗannan saituna ne don mai mai oktan 95 ko 98, wato makin juriyar fetur ga matsi da zafi, alhali yawancin gidajen man mu fetur iri ɗaya suke sayarwa, ba a ma rubuta makinsa a jikin famfo. Idan mai bai kai ba kuma ga zafi, yakan kama da wuta kafin lokacinsa a cikin silinda. Na'urar inji za ta yi ta ja da baya don kare shi, ƙarfin da ka saya ya tafi, idan kuma abin ya fi ƙarfinta fistin ne zai biya. Wanda ya nace, ya zaɓi saiti mafi rauni, ya fara da sabon fulogi da lafiyayyen lagireto da baƙin mai na ƙwarai, ya kuma sami wanda ya iya karanta bayanan inji, ba mai loda fayil ɗin da ya sauke kyauta ba. A tuna kuma iyakar gudu a babban titi kilomita 100 ce a awa, wadda kowace daga cikin motocin nan take wucewa tun ba ta haura rabin giyoyinta ba.

Gilashi mai duhu zan wuce shi da sauri. Dokar 1991 ta hana shi sai da izinin 'yan sanda bisa dalilin lafiya ko tsaro, a 2025 an dawo da neman izinin ta shafin intanet na 'yan sanda, POSSAP, ƙungiyar lauyoyi ta kai ƙara, aka yi ta ɗage ranar fara kame. Idan zafi ne damuwarka, akwai ledar gilashi mai haske da ke tare zafi ba tare da ta duhunta motar ba.

Lambar mota

Wannan gyaran ba ya taɓa inji ko ƙafa ko fentin motar. FRSC ce ke buga lamba, a Abuja kuma ta ofishin DRTS, wato VIO da ke Mabushi, ake bi. Zaɓi uku ne. Akwai ta kowa: haruffa uku, lambobi uku, haruffa biyu, da shuɗin rubutu ga motar gida. Haruffan farko na yankin rajista ne, ABC ta cikin birni, BWR Bwari, GWA Gwagwalada, KUJ Kuje, KWL Kwali, RSH Karshi, ita kuwa ABJ da mutane ke rububi ta Abaji ce. Akwai ta wajen jeri, mai siffar ta kowa amma kai ka zaɓi lambobin, kamar 777 ko 001. Sai mai suna, wadda kai ne za ka tsara rubutunta.

Farashin da hukumar haraji ta haɗin gwiwa ta sanar daga 8 ga Yunin 2025 shi ne naira 30,000 ta kowa, 150,000 ta wajen jeri, 400,000 mai suna. A 2021 mai sunan 200,000 ce. Wannan kuɗin lambar ne kaɗai, ban da sauran kuɗin rajista da ladan wanda ya yi maka zirga-zirga. Idan wani ya ce zai buga maka a ƙasa da haka cikin kwana ɗaya, ta jabu ce. A 2019 hoton wata lamba ta jami'in majalisar dokokin Kano mai rubutun "CHIP WHIP" ya zagaye ƙasar nan, FRSC ta fito ta ce ba daga wurinta ta fito ba. Da ka karɓi taka, ka shigar da ita a shafin tantance lamba na hukumar ka ga ko sunan motarka zai fito.

Wajen zaɓen rubutu, gajere ya fi. Ka guji haɗa 0 da O, 1 da I, 5 da S, 8 da B, domin suna rikita jami'i da ma'aikacin inshora. Babu haruffa masu lanƙwasa a lamba, saboda haka mai baƙar mota da ya so rubuta BAƘI zai tashi da BAKI. Sarauta, idan ba a naɗa ka ba, kada ka ɗora. Sunan jam'iyya ko shekarar zaɓe yana tsufa da wuri, yana kuma iya jawo jifa ranar da gari ya ɗau zafi. Sunayen Allah ko lafazin ambatonsa ba wurinsu ba ne, abu ne da ke daf da ƙasa, taɓo da ruwan kwata suna fantsama masa. Ranar haihuwa da cikakken suna kuwa kyauta ce ka ba wanda ba ka sani ba.

Nan ne ainihin kuɗin lamba mai suna yake, ba 400,000 ɗin ba. Lambar kowa ba mai riƙe ta a ka. Mai suna kuwa yaro ma zai haddace, kowa ya san inda ka yi fakin a Wuse 2 daren jiya, da makarantar da kake sauke yara, da lokacin da kake komawa gida. A garin da aka sha fama da satar mutane a gefunansa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ba a rufe lamba, doka ta hana. Kada kuma a ɗauke ta a matsayin jari don an ji an sayar da "P 7" a Dubai kan dirhami miliyan 55 a 2023. A nan lamba da sunanka aka yi mata rajista, ranar sayar da mota ka cire abarka a yi canjin mallaka.

| Gyara | Kuɗi | Ƙarko a Abuja | Mayarwa yadda take | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Fenti | Mai yawa | Shekaru da dama | Ba a iyawa | Faɗuwar daraja, takardu |
| Leda | Matsakaici zuwa mai yawa | 'Yan shekaru, ya danganta da inuwa | Ana ɓarewa | Ɗaye fentin da aka sake |
| Rim da taya | Dala 1,000 zuwa sama | Ya danganta da hanya | Da sauƙi | Tsagewa, jabu |
| Saukewa | Dala 300 zuwa sama da 2,500 | Rauni | Ana iyawa | Fasa kaskon mai, cin taya |
| Salansa | Dala 1,000 zuwa 2,000 | Sosai | Da sauƙi in an ajiye na asali | Damun maƙwabta, rasa indomi |
| Ƙwaƙwalwar inji | 'Yan ɗaruruwan dala | Ya danganta da fetur | Da sauƙi kafin ɓarna | Lalacewar inji |
| Lamba ta wajen jeri | Naira 150,000 | Sosai | Sai sabuwar rajista | Kaɗan |
| Lamba mai suna | Naira 400,000 | Sosai | Sai sabuwar rajista | Tsaro, jabu |

Inshorar naira 15,000 da aka fara tun Janairun 2023 ɓarnar da ka yi wa wani take biya, har naira miliyan 3, ba ta san rim ɗinka ba. Mai cikakkiyar inshora ya sanar da kamfaninsa duk abin da ya ƙara, a rubuce.

Wa ya dace da me

Wanda motar ita ce ta zuwa aiki kullum daga Kubwa, Lugbe ko Lokogoma: taya mai kyau a kan rim na asali ko inci ɗaya sama, ledar kariya a gaba, lamba ta wajen jeri idan yana son ɗan bambanci. Kada ya sauke ta.

Wanda ke da wata motar, wannan sai Asabar da Lahadi tsakanin Maitama da Asokoro, kuma tana kwana a inuwa: shi leda mai launi da salansa mai bawul suka dace da shi, har ma da ɗan saukewa idan get ɗin gidansa a shafe yake.

Wanda ya san zai sayar cikin shekara biyu ya tsaya ga abin da ake kwancewa da sifana, ya adana kowane kayan asali a sito, ya bar fenti da ƙwaƙwalwar inji yadda ya same su.

Mai sana'ar da suna ke kawo masa ciniki, kamar mai sayar da motoci ko Hajiya mai shagon kaya da aka riga aka san fuskarta, lamba mai suna talla ce mai araha, amma a sa sunan sana'ar, ba na gida ba, kuma ba a motar da ake kai yara makaranta ba.

Mai yawan hawa Jos ta Akwanga da Hawan Kibo, ko mai bin hanyar Kaduna, lambar kowa ta fi masa, da taya mai kaurin gefe da safaya ta gaske a but, domin da yawa daga motocin nan ba sa zuwa da ita.

Wanda kuma gudu ne a ransa, kuɗinsa na farko ya tafi ga taya, takalmin birki mai jure zafi, sabon man birki da gyaran sanyaya inji. Idan ya rage, sannan a yi maganar manhaja, da saiti mafi rauni, bayan ya sami gidan mai guda da ya amince da fetur ɗinsa.